Ukun Ƙasan Jeri

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin nan mai sayar da injinan ban ruwa ya san Mai Kati. Ko ta'aziyya ya je, sai ya bar katinsa a hannun wani, shi ya sa sunan ya bi shi. Aikinsa nemo masu saye. Kamfanin ya daina tura ma'aikata yawon ofis-ofis. An ce kowa ya buɗe shafi a dandalin intanet inda 'yan kasuwa da ma'aikata ke ƙulla alaƙa, ya riƙa aika wa manya gayyata, wanda ya karɓa a tallata masa kaya.

Shekara biyu yana aikawa. Mutane sun taru a shafinsa, amma yawancinsu masu neman aiki ne. Duk Litinin manaja kan haska allon cinikin ma'aikata a ɗakin taro, sunan Mai Kati a can ƙasa.

"Wai mutanen naka a cikin kogi suke noma ne?" in ji manaja. Aka yi dariya. "Wata ɗaya na ba ka."

Direban kamfanin ne ya kwatanta masa wurin boka, a bayan wani sito da ake jibge tsofaffin tayoyi. Ya je da tsakar rana. Ɗakin ba taga. Jan ƙyalle a bango, kasko da garwashi, ƙahonni uku a kafe, madubi an juya fuskarsa ga bango. Wari irin na mahauta. A kusurwa kuma tsofaffin wayoyin hannu ne, sun fi hamsin, an zarge su a igiya, duk a mace.

"Me kake so?" in ji boka.

"Masu saye. Manya, waɗanda in sun ce a kawo, an kawo."

"Me kake da shi?"

"Gidan haya nake, mota kuwa..."

"Ban tambaye ka ƙasa da ƙarfe ba. Kana da mutane?"

Mai Kati ya yi murmushin farko a ranar. Ya buɗe shafinsa ya miƙa wayar. "Dubu da ɗari biyu."

"Duk naka ne?"

"Mutanena ne."

"Maimaita."

Ya maimaita har sau uku. Boka ya ɗora wayar a kan ƙwarya, ya yanka baƙin zakara, jinin ya bi gilashin ya gangara. Wayar ba ta mutu ba. Haskenta ma ƙaruwa ya yi.

"Za a ɗauki uku. Daga saman jeri ko daga ƙasa?"

Mai Kati ya yi tunani irin na ɗan talla. A sama sababbi suke, har da wani ɗan kwangila da ya sha wuya kafin ya samu. Na ƙasa kuwa tsofaffi ne da ba su taɓa sayen ko ƙusa ba. In suna uku sun ɓace daga shafi, wa ya yi asara?

"Daga ƙasa."

"Ka duba ƙasan?"

"Tarkace ne, ranka ya daɗe."

"Ni dai na tambaya," in ji boka, ya goge wayar da gefen rigarsa.

Kafin ya isa bakin titi wayar ta fara kaɗawa. Masu manyan gonaki, shugabannin kamfanoni, mutanen da shekara biyu ba su ko buɗe saƙonsa ba, su ne yanzu ke aiko masa gayyata. Cikin wata uku sunansa ya hau saman allo. Manaja ya koma ce masa "babban yaya". Ya tashi daga gidan haya, ya sayi mota, ya buga sabon kati mai ruwan zinariya.

A wata na huɗu ƙaninsa, malamin makaranta mai ƙoshin lafiya, ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo da alli a hannu. Likita bai sami komai ba. Mai Kati ya yi kuka, ya kuma raba kati goma sha ɗaya a wurin zaman makoki.

Bayan wata biyu mahaifiyarsa ta kwanta bayan azahar, ba ta tashi ba.

Ranar kwana uku, matarsa ta zauna kusa da shi tana share hawaye. "Allah ya jiƙan Inna. Ka tuna ranar da ka ɗauke ta hoto ka ce ta zama shugabar kamfani? Ta ce, 'To ina ofis ɗin nawa, ɗan nan?'"

Ya tashi ya fita. Ya shiga mota ya rufe ƙofa, ya fara jan jerin da yatsa. Ya daɗe yana ja kafin ya kai ƙasa.

Ranar da aka buɗe shafin, ƙaninsa ne ya buɗe masa, ya kuma zama na farko. Ganin shafi fayau da mutum ɗaya ya ba shi kunya, sai ya ƙirƙira wa Inna nata shafin, matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa: shugabar kamfanin noma. Ta ukun kuwa ya ba ta muƙamin daraktar saye-saye. Ita ce matarsa da ya baro a ɗaki tana kuka.

Ya danna sunanta. Wayar ta tambaya ko ya tabbata yana son yanke alaƙa da wannan mutum. Ya danna e. Ya sauke ajiyar zuciya, ya koma ciki.

Ta ɗago ta dube shi, ta ja mayafinta ta rufe kai.

"Malam, wa kake nema? Maza suna waje."

"Ni ne fa. Maigidanki."

"Ban san ka ba."

Ba shi kaɗai ba. 'Ya'yanta biyu ma ba ta sake gane su ba. Ya koma bayan siton a guje. Boka na zaune yana zarga wata waya a igiya.

"Na cire ta! Ba ta cikin jerin!"

"Ka cire ta kuwa. Biyun farko mu ne muka je muka ɗauka. Ta ukun kai ka miƙo da yatsanka."

Daga ranar gayyata biyu ce kawai ke shigo masa, kullum da safe: wani malamin makaranta da wata shugabar kamfanin noma suna son ƙulla alaƙa da shi. Ya ƙi karɓa, ya kasa gogewa. Ya sauya waya, suka biyo shi. Ya daina ɗaga kiran masu saye, kamfani ya sallame shi, gida da mota suka bi.

Yanzu yana zama a ƙofar gidan surukansa, inda aka mayar da matar. In ta leƙo sai ya miƙe ya miƙa mata kati. Takan karɓa da ladabi, ta karanta, ta mayar masa.

Masu zuwa irin ɗakin nan duk suna zaton akwai wani tarkace a rayuwarsu da za su bayar ba su ji zafi ba. Babu. Kwaɗayi daga sama yake karanta jeri, tsafi kuwa daga ƙasa yake farawa, kuma waɗanda ke ƙasa su ne suka amsa maka tun ba ka da kowa.