Ranar da Algabid Ya Sauke Rawani

Tanalher na surfen gero a ƙofar bukkarta, can bayan garin Arlit, sai ga uwar mijinta Tekna, wadda suke kira Anna, wato Inna, ta faɗo ko sallama babu, riƙe da wani ƙullin magani. Na nawa ke nan? Allah kaɗai ya sani.

"Shekara shida! Akuyar da na ba ki ranar aure har ta yi jikoki, ke ko ɓari!"

"Sannu da zuwa, Anna. Zauna a kawo shayi."

"Shayin zan goya?"

Mijin, Algabid, na gefe a zaune, rawani ya rufe fuskar sai idanu, su ma sun yi rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Abin haushin kuwa, ya san gaskiya sarai. Tun bara waccan wani likita a Agadas ya zaunar da shi da matarsa, ya ce tururin gubar yuraniyom da ya daɗe yana shaƙa a ramin haƙa ya taɓa masa hanta, ya kuma raunana ƙwayoyin haihuwarsa. Matar kuwa lafiyarta ƙalau. A hanyar komawa ya roƙe ta da hawaye kada kowa ya ji. Ta riƙe amana, tana ta shan saiwoyi masu ɗaci kan ciwon da ba nata ba.

"Dubi idonsa! Girkinki ke cinye min ɗa! Yau zai sake ki, na riga na aika gidanku."

Ba wasa take ba. Da la'asar sai ga yayan Tanalher, Wantiti, da motar kaya, yana huci. A wurinmu mutanen hamada, bukka da gado da tabarmi duk na mace ne, in aure ya mutu ta kwashe abinta ta bar namiji a fili. Nan take ya fara tuge turakun bukkar.

Tanalher ta haye gado ta zauna. "Yaya, ba inda za ni."

"Ke wace irin wawiya ce? Ana zaginki, gogan naki ya zauna kamar dutse!"

"In na tafi wa zai dafa masa abinci marar mai? Wa zai tuna masa magani?"

Sai a lokacin Algabid ya miƙe. A gaban surukinsa, abin da namijinmu ba ya yi ko da wasa, ya ja rawanin ƙasa, fuskar ta fito a rame.

"Anna, ni ne ba na haihuwa. Ramin ne ya cinye ni, har da hanta. Likita ya faɗa, ni na hana ta magana."

Tekna ta dafe ƙirji. "Ramin da na yi ta azumi don ka samu aiki a ciki?" Ta juya ga Tanalher. "Ke kuma ina ɗura miki ɗaci kika yi shiru?"

"Roƙona ya yi, Anna."

Tsohuwa ta fashe da kuka, ta fizge turke daga hannun Wantiti. "Mayar! Mayar da shi inda ka gan shi!"

Algabid ya bar ramin, ya dage da asibiti, idanun suka washe. Haihuwa dai har yau Allah bai kawo ba. Amma ku ji, 'yan'uwa: kafin a ɗora wa mace laifin rashin haihuwa a auna mijin, kuma kunyar da za ta sa wani ya sha wuya dominka zalunci ce. Yanzu duk matar da ta kuskura ta tambayi Tanalher "Har yanzu shiru?", Tekna ce ke tasowa tana gyara ɗamara.

"'Yata kike tambaya? To, zo nan ki tambaye ni!"