Takalman da Aka Kife

Gab da kiran assalatu ne, sanyin hunturu na ratsa ƙashi. Ina zaune da kaskon wutata a ƙofar gidan kayan tarihin da nake gadi, wajen Ƙofar Guga, sai na ji sallama a bayana, alhali ƙyauren waje a kulle yake.

Wani tsoho ne, ba takalmi a ƙafarsa. Muka gaisa har da tambayar iyali. Ni in na yi magana tururi ke fita bakina, shi kuwa ko kaɗan.

"Samari, wa ya kife mani takalma?"

Na gane waɗanda yake nufi. Wasu tsofaffin takalman fata ne cikin akwatin gilashi. Sabon shugabanmu, wanda aka turo daga Ikko da farar Fijo, shi ya sa aka kife su don baƙi su ga ɗinkin ƙasan. Ya kuma rantse duk wanda ya taɓa, a bakin aikinsa.

"Baba, in na taɓa korata za a yi."

"A gidanku haka aka koya maka, ka ga takalmi kife ka wuce?"

Garwashina ya dushe. Tsohon bai matsa ba, bai kuma ƙifta ido ba.

Na ɗauko makulli, na buɗe akwatin, na yi bisimilla na juya su. Cikinsu da ɗumi, har da danshin zufa, kamar yanzu aka cire.

Sai ƙarar takun tsohon na ji, kamar na mai takalmi, ya nufi masallaci.