Kunnen Kyaftin

Mu biyu ne a gidanmu, ni da Baba. Umma ta rasu ina sakandare, ba ni da wa, ba ni da ƙane. Ci da sutura ba mu rasa ba. Abin da muka rasa kunne ne.

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi a sojan ruwa, duk a ɗakin injin jirgi, can ƙasa inda rana ba ta leƙawa. Da ya ajiye aiki sai ya buɗe gareji a bakin titinmu. Direbobi suna ce masa Kyaftin, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Kyaftin ɗin sifana ba!" Abin da ya yi suna a kai shi ne sauraro. Zai ɗora tsinin dogon sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya faɗi ciwon mota tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Amma rugugin shekarun nan ya yi ta cin jinsa kaɗan-kaɗan, har ya ƙare. Ba wanda ya sani sai ni.

Kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa, sai in biya gareji da sunan kai masa abinci. In ɗauki sukundireba kamar da wasa, in saurara, in juyo mu haɗa ido.

"Uwata, me ta ce?"

"Kamar ana kaɗa cokali a kofi, Baba... daga ƙasa."

"Boris ɗin injin ne ya cinye." Sai ya fita da fara'a ya gaya wa mai mota.

Haka muka yi shekara uku. A ciki na haɗu da Dogo, ma'aikacin jinya, mai haƙuri kamar ƙasa. Wata Juma'a da yamma ya same ni a gareji, fuskarsa ba walwala. Na ja shi muka tsallaka titi, muka tsaya gindin wata bishiya.

"Malama, an yi mini canjin wurin aiki. Nesa ne, kwana biyu a mota. Ki amince a yi auren nan mu tafi tare."

"Ba yanzu ba, Dogo..."

"Shekara biyu ina jin ba yanzu ba! Ko akwai wani ne?"

"Haba! Wallahi kai kaɗai ne a raina."

"To mene ne, hasken idona? Baba garau yake, ya fi ni ƙarfi ma."

Sai kuka ya ƙwace mini.

"Baba ba ya ji, Dogo! Ni ce kunnensa. Ranar da na tafi asirinsa zai tonu, garejin ya mutu... shi ma ya bi shi."

Dogo ya tafi kansa a sunkuye. Da na dawo na tarar da Baba yana goge hannu da tsumma. Ya ajiye tsumman, ya rufe gareji.

Washegari da hantsi gareji ya cika. Wani direban bas ya ɗaga bonet ya ce, "Kyaftin, zo ka ji mini tarin tsohuwar nan."

Baba ya miƙe, ya ajiye sukundireba a kan benci.

"Jama'a, ku matso. Shekara uku ke nan ba na jin komai. Duk motar da na gaya muku ciwonta, 'yata ce ta ji mini."

Suka kwashe da dariya. Da suka ga bai yi ba, dariyar ta mutu. Direban bas ya sauke bonet a hankali, ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

A gida na durƙusa gabansa.

"Baba, me ya sa?! Me ya sa ka yi haka?"

"Uwata, a ɗakin inji baki muke kallo, murya ba ta da amfani, kin kuwa sani. Kin tsallaka titi don kada in sani, sai kika tsaya kina fuskantata."

"Ba zan tafi ba!"

"Za ki tafi. Ban raine ki don ki zama kayan aikina ba. Yaron nan yana son ki, na gani a bakinsa."

Aka yi auren. Mun roƙi Baba ya bi mu, Dogo har da hawaye. Baba ya ce ba zai bar ɗakin da Umma ta zauna ba.

Motoci suka yi ta raguwa a garejin har suka ɗauke. Duk wasiƙar da ya aiko mini, lafiya lau ce a ciki, da tsokanar Dogo wai ko ya koyi canza taya. Wata na takwas maƙwabcinmu ya kira ni. Da safe suka sami Baba zaune a kan benci cikin rigar aiki, ya wanke sifanu ya jera su, rai ya yi halinsa.

Na daɗe ina cewa da Baba ya san abin da zai biyo baya da bai yi magana ba. Daga baya na gane ba haka ba ne. Maganata ya karanta har ƙarshenta, ya san gaskiya na faɗa, kuma ya zaɓi in tafi.