Rigar Ranar Gayya

Gulzat ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin Ermek ba. Ranar gayya ce, wadda mutanen garinsu ke kira ashar, an taru don tayar wa Inna Burul ɗakinta da ruwan bazara ya rusa. Yana can saman bango, laka har gira, ita kuma ta miƙa masa kofin shayi.

"Ƙanwata, wannan shayi ne ko ruwan wanke kofi?"

"Fara miƙe bangonka tukuna, sannan ka kushe shayina."

Ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Da yamma tsohuwar ta miƙa masa wani ƙunshi a leda, kamar yadda ake yi wa wanda ya jagoranci aiki. Gulzat ta faki idon mutane ta ɗauke su hoto, ta tura a zauren wayar danginsu.

Wata takwas bayan haka iyayen Ermek suka zo suka saƙala mata 'yan kunnen zinare, aka shaida an yi mata miji. Shi kuwa tun da aka rufe masana'antar sukari yake zaune ba aiki, sai tallafin da gwamnati ta ba shi na wata shida. Yanzu ne Allah ya kawo sauƙi, wani kamfanin motoci a birni ya ɗauke shi makanike, zai fara ranar ɗaya ga wata.

Sai ga takarda daga ofishin tallafi. An ce ya karɓi kuɗin marasa aiki alhali yana aikin gini ana biyansa. An ce sai ya mayar da som dubu tara na kuɗin ƙasarsu, kuma ana tuhumarsa da zamba. Kamfani na jin labari ya ce ya dakata: in ba a wanke shi kafin ƙarshen wata ba, za a ba wani gurbinsa.

A gidan su Gulzat, suna zaune a kan shimfiɗar abinci, mahaifinta Baba Sabir ya ture kwanon da ke gabansa.

"Ciro 'yan kunnen nan, a mayar musu."

"Baba…"

"Shekara talatin ina koyarwa a garin nan, ko alli ban taɓa kawowa gida ba! Yau a ce surukina macuci ne?"

Gwaggo Jipar, ƙanwar Baba, ta tsiyaya shayi tana girgiza kai. "Ni dai na faɗa tun farko, Yaya. Yaro sai fara'a, sai daɗin baki. Ai hoto ba ya ƙarya."

Gulzat ta ɗago kai. Ita dai ba ta ji an ambaci wani hoto ba, ko a bakin Ermek.

"Wane hoto, Gwaggo?"

Gwaggo ta shiga gyara ɗankwalinta. "Haka na ji ana faɗa."

Gulzat ta tuna hoton da ta tura a zauren dangi, inda Gwaggo ma take. Ɗan Gwaggo ma ya nemi aikin nan na kamfani, shi ne na biyu a jerin sunaye. Ta dafe kunnuwanta da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Baba, ka ba ni kwana uku. In na kasa, da hannuna zan cire."

Ta sami Ermek a ƙofar gidansu, ya kwance injin wani tsohon babur yana ta goge abin da ya riga ya goge. Ya nuna mata takardar. A bayanta an maƙala hoton da ta ɗauka: shi, bangon, da ƙunshin a hannunsa.

"Ni na jawo maka," ta ce. "Me ya sa ba ka ce musu gayya ba ce?"

"Na faɗa. Suka ce in kawo shaidu."

"To ka kawo mana!"

"Haba Gulzat! In ja tsohuwa mai sanda zuwa ofis, ta tsaya gaban mutane ta ce ita matalauciya ce, an yi mata gini kyauta? In bi gida-gida ina cewa ku tuna na taimaka? Wa ya taɓa yin haka? Gara in sayar da babur ɗin in biya su."

"Ka biya, ka amsa laifin ke nan. Aikin fa? Ni fa?"

Ya koma goge injinsa. Ita ma ta san gaskiyarsa, ba a gorin aikin gayya. Amma a hanyar gida wani tunani ya zo mata. Mai taimako ne ba ya buɗe baki. Wanda rufi ya faɗo wa kuwa, yana da ikon kiran jama'a.

Washegari ta ɗaura ɗankwali ta bi layi, tana buga ƙofofi.

"Salamu alaikum! Ina kiran gayya. Jibi da safe."

"Ke kuma me ya rushe miki, 'yar Malam?" in ji Kawu Tokon mai fawa.

"Gidana, Kawu. Tun ba a ɗora tubalin farko ba."

Kawu Tokon ya ji bayani, ya soke wuƙarsa a katako. "Wato ni ma ɓarawo ne ke nan, tun da ni na kwaɓa lakar! Za mu zo."

Ranar, ma'aikacin ofis ya leƙa ta taga ya ga motoci biyu cike da mutane, har da masu tukunyar shinkafa, don ba a gayya da yunwa. Mutum talatin da huɗu suka cika baranda. Inna Burul ce a gaba, tana dogara sanda, ta damƙo hannun Ermek kamar ta kama mai laifi.

"Ɗana, kai ne mai hoton?" ta tambayi ma'aikacin. "To buɗe idonka. Ka ga rigar da ke jikinsa? Ita ce a ledar. Ta ɗana ce da ya rasu, sau ɗaya ya sa ta. In wannan albashi ne, rubuta!" Ta juya ga Ermek. "Kai kuma sakarai, ka ɗauka kunya zan ji? Talaucina ai ba sata ba ne!"

Ma'aikacin ya cire tabarau. "Inna, gidan mahaifina ma da gayya aka gina shi. Amma takarda sai da sa hannu. Akwai wanda zai shaida a rubuce?"

"Ba ni alƙalamin."

Kowa ya waiga. Baba Sabir ne a bakin ƙofa, da doguwar farar hularsa ta zuwa biki.

"Ni na riƙe masa tsani ranar," ya ce. "Da idona na ga aikinsa, amma na bar takarda ta fi idona. Na yi kuskure."

Sai da aka ƙaro takarda ta biyu kafin sa hannun ya ƙare. Kafin sati ya zagayo aka soke tuhumar, kamfani ya bugo waya ya ce Ermek ya zo da kayan aikinsa. Gwaggo Jipar ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Da ta zo kuwa, kanta a ƙasa, Gulzat ta tashi ta zuba mata shayi da hannu biyu.

Ranar da aka sa ranar biki, Baba ya dubi 'yan uwa ya ce, "Ku koya daga gare ni. Kada zargi ya sa ku manta halin mutumin da kuka sani. Alheri ba ya ɓata, mai haƙuri kuma ba ya taɓewa."

Ermek ya sunkuyo wajen Gulzat. "Har yanzu dai shayinki ruwa ne."

Ita da ba ta ɗaga murya a gaban manya, sai ta taɓa 'yan kunnenta ta ce, yadda kowa zai ji:

"Ka sha shi haka nan, don shi za ka sha har tsufa. Na yi maka alkawari a gaban Baba da Inna Burul: duk ranar da wani abu ya rushe maka, ni ce zan fara zuwa gayya."