Malalacin Majigi

"Wallahi Baba shi ne, amma ba halinsa ba ne!..."

Sakinatu na durƙushe a zaure, hawaye shaɓe-shaɓe. Mahaifinta Malam Maiwada, wanda duk Maska babu mai noman auduga kamarsa, ko kallonta bai yi ba.

"Da idona na gan shi a majigi yana sharar barci a gindin ɗorawa, ciyawa ta cinye gonarsa. Shi zan ba 'yata?"

Maharazu dai mutumin Malumfashi ne. Tun yana makaranta yake wasan kwaikwayo, har aka ɗauke shi fim ɗin koyar da noman auduga, aka ce ya fito a malalacin manomi. Ya kuwa iya, iyawar ce ma ta ja masa. Ɗanasabe, mai neman Sakinatu shi ma, shi ya shimfiɗa wa Malam tabarma a sahun gaba ranar da motar majigin ta zo.

Da la'asar Maharazu ya zo zance, ta faɗa masa komai.

"In kin ce in bar wasan, na bari, hasken idona..."

Tana son sa, kuma ta san in ya bar wasan nan rabinsa kawai za ta aura.

"Ba za ka bari ba. Gobe dai ka zo gonar Baba da fartanya."

Kwana bakwai ya yi duƙe a gonar Malam, bai bar ko tsinken ciyawa ba. Ran na bakwai Sakinatu ta kawo fura, ta tarar Malam na girgiza kai.

"Wanda ya iya kwaikwayon malalaci, ai zai iya kwaikwayon manomi."

Ta ajiye ƙwaryar furar.

"Baba... duba hannunsa," ta ce a hankali.

Malam ya kamo tafin Maharazu, ya shafa, ya sake shafawa. Kanta ce ta shekara da shekaru ta riƙon fartanya, irin wadda ke hannun Malam ɗin.

"Wannan ba ta kwana bakwai ba ce. Turo magabatanka." Ya kurɓi fura. "A fim na gaba me za ka fito?"

Maharazu ya sunkuyar da kai.

"Ɓarawon akuya, Baba."

Malam ya dubi 'yarsa, ya ga yadda take murmushi cikin mayafi, ya yi ajiyar zuciya.

"To a ɗaura auren nan kafin majigin ya iso Maska."