Burodin Safiyar Tiyata

Femke na kwance a gadon asibiti cikin rigar tiyata, hawaye na gangara har cikin kunnuwanta. Wayyo marainiyar Allah! Tun rasuwar iyayenta take gidan Kawu Wiebe, ita ce tatsar shanu, ita ce kwashe kashinsu, har ƙullutun da ya fito mata a wuya ya soma shaƙe mata numfashi. Wannan ne zuwanta na biyu. A karon farko an fasa aikin, saboda ta sha gahawa mai madara alhali an ce kada ta ci komai. Inna Griet, matar kawunta, ita ta miƙa mata da hannunta, amma da suka koma gida ita ta fi kowa faɗa, wai kwaɗayin Femke ya ɓata wa likitoci lokaci, ya jawo wa kawunta asarar yinin yankan ciyawa. Femke ta ɗauki laifin, ta yi ta ba da haƙuri har muryarta ta dushe...

Yau ma, Kawu na fita neman wurin ajiye mota, sai Griet ta zaro burodi da cuku daga jaka ta cusa mata a hannu.

"Ci maza, 'yar nan. Wanda ya shiga da yunwa ba ya farkawa daga allurar barci. In kika mutu mu za a zaga."

Femke ta riƙe burodin, ta rasa yadda za ta yi. Ta ƙi ci, ta zama mai butulci. Ta ci, ta sake kunyata kawunta. Ga tsoron mutuwa ya danne mata ƙirji! Tana kuka tana roƙon Ubangiji ya yafe mata wahalar da take ɗora wa mutane, ta kai burodin bakinta ke nan sai ga Annelies, nas ɗin da ke kula da ita.

Annelies ba ta yi faɗa ba. Ta karɓe burodin, ta lulluɓa mata bargo mai ɗumi, ta riƙe hannunta ta ce su ja numfashi tare, a hankali, a hankali. Ta sa ta lissafo sunayen shanunta har Femke ta ɗan murmusa. Sannan ta zayyana mata duk abin da za a yi, ta ce za ta raka ta har sai barci ya ɗauke ta.

"Yunwa ba za ta taɓa ki ba, ƙanwata. Burodin nan ne zai iya tasowa daga ciki ya shiga huhunki kina barci, ya kashe ki."

Ashe Kawu Wiebe na tsaye a bakin ƙofa! Ya dubi matarsa ya ce, "Griet, bara da aka yi miki aikin gwiwa, ko ƙanshin burodi kin hana a kawo kusa da ke. Kin sani sarai."

Griet ta daburce, bakinta ya suɓuce. Ta ce to in yarinyar ta kwanta jinya, wa zai yi tatsa?

Kawu ya ce, "Ke."

Ya durƙusa gaban gadon yana hawaye, yana neman gafarar 'yar ƙanwarsa. Femke ta fashe da kuka, yau ta gane ba ta da laifin komai...

Da yamma ta farka an gama aikin, iska na shiga ƙirjinta ba shamaki, kawunta na riƙe da hannunta. Ya ce gidan ƙanwar mahaifinta za ta yi jinya, kuma ta bar garke har abada. A daidai lokacin Griet na can cikin taki har idon sawu, shanu sun ƙi tsaya mata, sai kuka suke suna neman Femke.