Zakaran Langa na Tsakar Gida

A Daura an yi wani yaro ɗan aji biyar da bai taɓa faɗuwa a langa ba. Haka yake faɗa, kuma gaskiyarsa. Abin da ba ya faɗa shi ne, da ƙannensa kawai yake karawa, babbansu ko famfara bai gama ba. Yaron nan ya tsani a kayar da shi a gaban mutane.

Da aka shirya gasar makarantu a Sandamu, Malam Amadu mai kula da wasanni ya ba shi gurbi, saboda labarin ya cika masa kunne. Ya ce a riƙa zuwa atisaye da yamma.

Ranar farko yaron ya hango Mahdi, wani ƙato ɗan aji shida, riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle har ƙasa na amsawa. Nan take cikinsa ya fara ciwo. Washegari kai ne. Jibi haƙori.

Malam Amadu ya numfasa. "Gobe kuma me zai yi ciwo? Faɗa mini tun yau in huta."

Ranar gasa aka haɗa shi da wani siririn yaro daga Baure. Ya kama ƙafa, ya yi kansa da ƙarfi. Siririn ya goce kawai. Zakaranmu ya wuce, ya kife. Ƙannensa ba su taɓa gocewa ba, tsayawa suke yi a ture su.

A mota Malam ya ce a gajiye, "Akwai wata gasa bayan hutu. In ban gan ka a atisaye ba, gurbin na wani ne."

Ya isa gida yana jan ƙafa. Kakarsa Kubura na tsinkar zogale.

"Angona, ina kofin? Har na share masa wuri."

"Kaka, ki bar ni. Na gaji."

"Faɗuwa ɗaya ce ta gajiyar da kai? Waɗannan 'yan tsakin ƙannen naka kullum kana zubar da su, kuma su tashi su dawo. Sun fi ka zuciya."

Washegari ya je fili. Mahdi ya kayar da shi. Yaron ya sake gwadawa, ya kuma sakewa, har Mahdin ya gaji ya ce, "Kai, daina rufe ido in za ka kawo hari."

Aka yi dariya, kuma ba abin da ya same shi. Kullum ya koma gida jiki duk tsami, amma da sabuwar dabara.

Bayan hutu gurbinsa na nan. A gasar ya sha ƙasa sau ɗaya, ya tashi, sannan ya fitar da sauran, makarantarsu ta zo ta ɗaya.

Malam Amadu ya dafa kafaɗarsa ya ce wa yara, "Mai tsoron a kayar da shi ba ya koyon komai. Ku riƙa gwada kanku da wanda ya fi ku."